Shekarar da na yi wa gona feshi

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, domin jikokina ba su iya riƙe magana ba. Kun ce Baba ba ya son zamani. Bashir ya ce da zan samu dama, da na mayar da mu zamanin jaki da fitilar aci-bal-bal. Rabi kuwa, da yake ta fi shi kunya, cewa ta yi tsufa ne kawai, a yi mini uzuri. Duk na ji, kuma ban yi fushi ba, sai ɗan kaɗan. Abin da ya jawo maganar na sani: damina uku ke nan kuna aiko mini da maganin feshi daga birni, ni kuma ina mayar muku da kayanku a ɗaure yadda suka zo, ga bayana ya ƙi, in na noma kunya biyu sai na zauna na huta. To ku samu wuri ku karanta. Ban taɓa gaya wa ɗayanku dalili ba, saboda labarin ba ya ƙara mini kwarjini, kuma mahaifiyarku Hajara, Allah ya ji ƙanta, ta rufa mini asiri a kansa har ta koma.

Ni ba maƙiyin inji ba ne. Ranar da aka kafa injin niƙa a garin nan na fi kowa murna, don na ga abin da taɓarya ta yi wa tafin hannun mahaifiyarku. Ina da waya a aljihu, ko da yake har gobe ban yarda gaisuwar mutuwa ta waya gaisuwa ce ba. Mutum yana kwance a kan katifa, ya ce ya haƙuri, ya kashe, ya juya ya ci gaba da barcinsa, wai ya yi zumunci. Amma wannan wata magana ce. Abin da na lura da shi a tsawon rayuwata shi ne, duk injin da ya zo, mai sayar da shi zai lissafa maka abin da zai yi maka tun daga farko har ƙarshe, amma ban taɓa ganin wanda ya gaya maka wa zai ture ba. Kuma wanda ake turewa yawanci ba mai baki ba ne. Ni da hannuna na ture mutum ɗaya, ina dariya, mutane suna yi mini sannu da ƙoƙari.

Rabin girmanku a birni kuka yi, don haka bari in tuna muku yadda ƙasarmu take. Ba mu da daji. Ka fita daga garin nan ka nufi Bagwai ko ka nufi Dawakin Tofa, gona ce jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba. Kowace kuka da kowace ɗorawa tana da mai ita, har da wanda zai gaje ta. Wanda ba shi da gona ba shi da inda zai sunkuya ya ɗebi wani abu ya ce na Allah ne. Sai abu ɗaya tak, wato ganyen da yake fitowa da kansa a tsakanin kunyoyi: tafasa, lalo, gasaya, wani lokaci rama ko karkashi. Ina yaro, ranar da na fara riƙe fartanya a bayan mahaifina, na kai wa wani gindin lalo sara, sai na ji ranƙwashi a ƙeya.

"Wannan ba ciyawa ba ce. Ɗaga fartanyarka ka tsallake."

"Baba, ai ba mu muka shuka shi ba."

"To da yake ba kai ka shuka ba, wa ya ba ka ikon sarewa?"

Haka kowa yake noma a lokacin. Ana kashe ciyawa, ana tsallake ganye, kuma ban taɓa jin an kira abin da sunan sadaka ba. Duk wadda take bukata sai ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga gonar da ta ga dama ta tsinka. Ba ta neman izini, ba ta godiya. In mai gona ya tarar da ita, sannu da aiki zai ce mata, kamar yadda zai ce wa kowane mai aiki, ya wuce abinsa.

A zamanin da nake ba ku labari, wadda ta fi kowa riƙe wannan hanya ita ce Iya Ladi. Bashir zai iya tuna ta, tsohuwar nan doguwa ta gida na uku daga namu, mai ɗaura ɗankwali har gira. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna ƙanana, ɗan rabon gadon da ya zo mata kuma ya tafi a jinyar idonta. Abin da ya rage mata ɗaki ɗaya ne da akuya ɗaya. Amma kada ku ɗauka haka ta taso. A babban farin da aka yi ina saurayi, mijinta na da rumbu uku, kuma rabin unguwar nan daga tukunyarta suka ga ƙarshen damina. Ba ta taɓa aiko da abinci ta ce ga abinci ba. Sai ta ciko akushi ta ce a kai wa mahaifiyata ta ɗanɗana mata, wai tana jin gishiri ya yi yawa. Wata biyu muka yi muna ɗanɗana wa Iya Ladi gishiri, mu tara a gida.

Da duniya ta juya mata, sai ta kama sana'ar ganye. Da hantsi, in raɓa ta bushe, za ta shiga gonaki ta cika ƙwarya, ta dawo ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji da albasa. Kafin azahar ta fara bin gidaje. Matan aure a nan ba sa fita gona, don haka duk mai son kwaɗo ita take jira. Wannan ta ba ta ludayin gari, waccan ta ba ta tafin tsaba, a yi musaya. Kuma ciniki take yi na gaske, kai ka ce saniya take sayarwa. Na sha jin ta daga ɗakina tana ce wa mahaifiyarku ludayin nan bai cika ba, a ƙaro ko ta ɗauke kayanta. Lalon da ya ragu ta shanya ta daka, shi ne cinikinta na rani. Shekara ashirin tana haka, ba wanda zai ce ya taɓa ganin tafin hannunta a buɗe. Ni kuwa, da furfurata da komai, Malam Ƙarami take kirana, saboda mahaifina ne Malam a wurinta.

Shekarar da abin ya faru ita ce shekarar da na ajiye alli, bayan na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a firamare. Daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi bai yi ido ba. Kafin a yi shuka rumbuna da yawa sun koma ɗakin ɓera, kuma duk ranar kasuwa sai mudu ya ƙara tsada. A irin wannan shekara ganye ba marmari ba ne, shi ne abincin. Ɗan tsaki kaɗan, ganye da yawa, a turara dambu, gida ya kwana. Samarin gari kuma duk sun tafi Kano acaɓa, kai ma Bashir kana makaranta a can. Da lokacin maimai ya yi, wato noma na biyu, ciyawa ta taso mini a gonar bakin hanya kamar da gayya. In na ɗauki 'yan ƙwadago sai na ciyar da su, alhali abin da ke rumbuna da ƙyar zai kai mu tumu. Ina cikin wannan tunani na je kasuwar Rimin Gado, na tarar da wani mutum goye da tanki a baya, yana danna hannun famfo da hagu, yana fesa ruwa da dama, jama'a sun kewaye shi. Ya ce aikin mutum goma ne a wuni ɗaya. Ya ce in dai an kauce wa gindin hatsi, duk wani kore da maganin ya taɓa kwana uku ne ya zama tarihi. Gaskiya ya faɗa, ban taɓa zarginsa ba. Na ɗauro tankin da galan ɗin magani a bayan keke, ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya kawo wa garinsu wutar lantarki.

Na sauke kayan a tsakar gida ina ta bayani. Mahaifiyarku ta zagaya tankin sau biyu, ta leƙa cikinsa, sannan ta dube ni.

"Malam, wannan abin ya san tafasa?"

"Kamar yaya ya san tafasa?"

"Ina nufin in ya zo kanta, zai tsallake?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Hajara, magani ne fa, ba ɗan ƙwadago ba."

"To ka bar ko kunya uku ta bakin hanya."

"In bar ciyawa ta yi iri ta sake cika mini gona? Aikin ilimi ba a yin sa rabi da rabi."

Ta juya ta koma kan aikinta. Kun san halinta, ba ta maimaita magana. Ni kuma a lokacin ina da wata cuta da malaman makaranta da yawa suke da ita: in wanda bai yi boko ba ya yi mini tambaya, sai in ɗauka bayani yake nema, ba ya taɓa zuwa raina cewa gyara yake yi mini.

Washegari na goya tanki na shiga gona. Kafin in gama kunya goma magidanta sun cika bakin hanya. Na tsaya na yi musu darasi: murfi kaza a tanki ɗaya, a rufe hanci, a bi iska. Kwana uku aka yi, tsakanin kunyoyin nan ya koma ja kamar an bi shi da wuta, geron kuma yana tsaye kore shar. Mutane suka riƙa zuwa kallo. Sai aron tanki ya fara. Ban karɓi ko sisi daga kowa ba, ina ma alfahari da hakan. Ni nake auna musu maganin, ni nake gyara musu igiyar goyo. Kafin Juma'a biyu, duk gonakin da ke gabas da gari da na kudu an fesa su. Ban ga laifin kowa ba, kowa yunwa ce a gidansa, kowa ba shi da abin ciyar da ɗan ƙwadago. Amma sun yi ne saboda Malam ya yi.

A cikin waɗannan kwanaki na tarar da Iya Ladi a gonata da hantsi. Tana tsaye a tsakanin kunyoyi, ƙwaryarta a hannu, tana taɓa wani ƙonannen gindin tafasa da ɗan yatsan ƙafarta.

"Sannu da aiki, Iya."

"Yauwa, Malam Ƙarami. Gona ta yi tsaf."

"Ai zamani ne, Iya. Wuni ɗaya na gama."

"Haka na ji. Allah ya sa albarka."

Ta kifa ƙwaryar a ka ta bi hanya. Wallahi yabo na ɗauka ta yi mini. Har na dawo gida na gaya wa mahaifiyarku cewa ko Iya Ladi ta yaba.

Na kai mako biyu ban gane komai ba. Abin kunya, cikina ne ya fara ganewa kafin kaina. Wata rana da azahar aka kawo mini kunu tsurarsa, na ce ina kwaɗo, kwana biyu ban ga Iya Ladi ta shigo ba, ko ba ta da lafiya ne. Mahaifiyarku ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta zauna a kan turmi. A zamanmu na shekara arba'in, sau biyu ta taɓa yi mini wankin babban bargo, wannan ne na farko, kuma ko murya ba ta ɗaga ba.

"Kwaɗon me, Malam? A ina za ta samo? Gabas ka ƙone, kudu ka ƙone. Wanda ya sake tohowa ma, wace uwa ce za ta ba ɗanta ganyen da aka zuba wa guba? Tsohuwar nan yanzu har fadama take zuwa da ƙafa, ta fita da safe ta dawo da la'asar, abin da take samowa bai rufe gindin ƙwarya ba. Shekaranjiya ta sayar da akuyarta. Kowa a unguwar nan ya sani, sai kai mai ilimi."

Na ce ai ba da niyya na yi ba. Ta ce ta sani, kuma da niyya da ba niyya duk cikin Iya Ladi bai san bambancinsu ba.

Sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko wauta. Ban yi shawara da kowa ba. Na buɗe rumbu na auni gero a buhu, na ɗora a keke, na tura shi har ƙofar gidanta, da rana tsaka, ana fitowa daga masallaci. Na yi sallama da ƙarfi. Ta fito, ta dubi buhun, ta dubi mutanen da suka rage tafiya suna kallo, sannan ta dube ni. Fuskarta ta faɗa, amma ɗankwalin nan yana ɗaure daidai inda ya saba.

"Wannan fa, Malam Ƙarami?"

"Ɗan hatsi ne, Iya. Ki yi haƙuri, ba yawa."

"Allah ya yi albarka. Amma ina da abinci. Ka mayar wa Hajara, ku ne masu yara."

Na yi magiya, ta yi murmushi ta ce in gaida gida, ta saki labule. Na juyo da keke da buhu, ina jin idanun mutane a bayana. A hanya har haushinta na ji, na ce a raina wannan wane irin girman kai ne. Sai daga baya na gane cewa na je ne in wanke kaina a gaban jama'a, kuma da mutuncinta zan yi wankin.

Na daina ba da aron tankin daga ranar. Wasu suka ji haushi, suka ce Malam ya fara rowa, wani ma ya daina amsa gaisuwata har bayan kaka. Bai hana komai ba. Mutum biyu suka haɗu suka sayo nasu, shekarar da ta biyo kuwa har a teburin mai sayar da ashana ana samun maganin. Abin da na shigo da shi a bayan keke ya fi ƙarfin in fitar da shi.

Marka ta kankama, ruwa ba dare ba rana, hanyar fadama ta zama taɓo. Wata safiya ina kwance a ɗaki bayana ya riƙe, na ji sallamarta a tsakar gida. Ba ta san ina ciki ba. Suka gaisa da mahaifiyarku, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa da sunansa, ta yi maganar ruwa, ta yi maganar sauro. Da ta zo kan abin da ya kawo ta, muryar ba irin wadda take ciniki da ita ba ce.

"Hajara, ko kina da 'yar dusa? Ta akuya."

Duk unguwa an san akuyar nan ta yi wata guda da barin gidan. Na ji mahaifiyarku ta amsa ba tare da ko jinkiri ba.

"Akwai, Iya. Ta ma dame ni a ɗaki, tana tara mini ƙwari. Kawo ƙwaryar."

Ta shigo ɗakin da nake, ba ta ko kalle ni ba. Ta cika ƙwaryar da garin tuwonmu na ranar, ta danna, ta barbaɗa dusa a sama har ta rufe shi. Ta fita ta miƙa mata, ta ce a gaida akuya. Na ji Iya Ladi ta ce za ta ji. Na juya fuskata bango na yi kuka, ni da gemuna, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Matar da ta ciyar da mu wata biyu ba tare da ta bar mu mun ji kunya ba, yau na sa ta ƙirƙiro akuya. Ranar nan, da ruwan zafi da ɗan ƙanzo muka wuni, kuma ban taɓa jin na cancanci yunwa kamar ranar ba.

Da yamma na ce wa mahaifiyarku ta gaya mini abin da zan yi, na daina sanin komai. Ta ɗan yi tunani, ta tashi ta ciro wani ƙullin tsumma daga cikin tukunya. Irin lalo ne da na rama da take ajiyewa. A bayan gidanmu, a kan hanyar rijiya, akwai ɗan fili inda nake ɗaure tumaki, magani bai taɓa shi ba, ga taki ya ratsa shi. Ta ce in kwashe tumakin, in zuba irin a wurin da sassafe kafin mutane su fito, in bar shi. Lalo ba ya daɗewa, mako uku ya isa tsinka. Iya Ladi ta nan take bi kullum zuwa rijiya. Za ta gan shi ya fito kamar yadda yake fitowa a ko'ina, ta tsinki abinta, ta koma cinikinta, ba wanda ya ba wani komai. Na ce wannan dabara ta yi. Bayan sallar asuba na fita da fartanya na yi aikin, na dawo ina jin an sauke mini rabin kaya.

Allah ya ba da ruwa, iri ya tsiro. Mahaifiyarku ba ta fita, don haka kullum sai ta tambaye ni, in ce mata ya yi kyau ƙwarai. Kuma ya yi kyau. A mako na uku ganyen ya buɗe, kore har yana sheƙi. Na riƙa zama a ƙofar gida ina satar kallo. Iya Ladi za ta taho da tulunta, ta rage tafiya a wurin, ta duba, ta wuce. Rana ta farko na ce ba ta lura ba. Rana ta biyu na ce tana jira ya ƙara girma. Aka yi kwana biyar haka, ganye yana neman ya tsufa, ita kuma tana ƙara ramewa a idona.

A rana ta shida da hantsi ina zaure, sai ga ta da ƙwarya. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi sallama. Na miƙe na ce ta shigo ta zauna, ta ce a'a, ba daɗewa za ta yi ba.

"Malam Ƙarami, lalon nan na bayan gida."

"Wane lalo? Au, wanda ya fito a wurin tumaki? Ai na gan shi. Ikon Allah, haka kawai ya fito."

Ta dube ni da idon nan nata mai yana, har na sunkuyar da kai kamar ɗan aji ɗaya. Sai ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba.

"Shekarata saba'in da wani abu ina tsinkar lalo. Ban taɓa ganin wanda Allah ya shuka a layi ba."

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Mahaifiyarku cewa ta yi in zuba, in watsa. Amma hannun da ya yi shekara talatin yana ja wa yara layi a allo, yana koya musu shuka da igiya a lambun makaranta, bai iya watsi ba. Da ƙotar fartanya na ja layuka shida, na daidaita tazara, rama a gefe, lalo a tsakiya, ban ma san na yi ba. Mako uku ina kallon su a jere kamar 'yan makaranta a filin taro, ina cewa sun yi kyau. Na buɗe baki in yi wata ƙaryar, ba ta zo ba. Na ce, "Iya, ki yafe mini. Duk abin nan ni na jawo."

"Na yafe tun ranar da na gan ka goye da tankin nan kana murna. Yaro ne kai, ka ga abin wasa. Kuma na san don wa ka yi wannan wahalar, Allah ya biya ka, ya biya Hajara." Ta gyara riƙon ƙwaryar. "Amma shuka ce, Malam Ƙarami. Tana da mai ita. Ba zan sa hannu a shukar mutum ban tambaya ba. Kwana biyar ina juya maganar a raina, yau na ga ba ni da wata hanya. Ka ba ni in tsinka?"

Na so in ce ba sai ta tambaya ba. Na so in ce ba nawa ba ne. Amma nawa ne, ni na shuka, kuma ta riga ta tambaya.

"Na ba ki, Iya."

"Na gode."

Shekara ashirin tana shiga gonata, ban taɓa jin wannan kalma daga bakinta a kan ganye ba sai ranar. Ta zagaya bayan gida, na ji ta yi bisimilla ta sunkuya. Da azahar ta shigo da kwaɗo, mahaifiyarku ta auna mata ludayin gari, ta karɓa ba ta ce a ƙaro ba.

Ba ta mutu da yunwa ba, kada ku ɗauka nan labarin ya nufa. Bayan kwanaki kaɗan gero ya nuna, aka fara gasa tumu, gari ya numfasa. Ta ƙara shekara huɗu a duniya, kuma a shekarun nan na koma noma da fartanya, ina tsallake kowane gindin ganye, na aika mata cewa gonar bakin hanya ta koma yadda take. Ta ci gaba da zuwa. Amma daga wannan damina har ranar da muka kai ta makwancinta, ba ta ƙara shiga gonata ba sai ta biyo ta zaure, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwaryarta, ta yi sallama, ta tambaya.